Baƙin Mai: Shawarwari 13 Kafin a Yi wa Mota Juye

A gidaje da yawa, in aka cire cefane da kuɗin makarantar yara, babu abin da ke cin aljihu kamar mota. A duk ɗawainiyar mota kuwa juye ne aka fi maimaitawa, shi ne kuma aka fi yi da ka. Akan miƙa wa yaron gareji kuɗi a ce ya sayo galan ɗaya "mai kauri", a juye, a tashi inji, a kama hanya. Lambobin da ke jikin galan ɗin, irin su 5W-30 ko 20W-50, ba kowa ke tsayawa ya karanta ba, alhali su ne ke faɗin ko man ya dace da injin. Kaurin mai daban, ingancinsa daban, kuma kowane inji da kaurin da aka ƙera shi ya sha. Ga abubuwan da ya kamata mai mota ya sani, maigida ne ko uwargida.

1. Ka san aikin da man yake yi.
A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe sau dubbai a minti ɗaya. Abin da ke hana su cin juna shi ne siririn mai da ke shiga tsakaninsu, a tazarar da a wani wurin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Man yana kuma kwashe zafi, yana wanke dauɗa ya kai ta filta, yana taimaka wa ringi riƙe matsi, yana hana tsatsa. In ya cika ruwa-ruwa, sai ya kasa raba ƙarafan idan aiki ya yi nauyi. In ya cika kauri, sai ya makara wajen isa inda ake jiransa, famfon mai ya wahala, mota ta ƙara shan fetur. Duka biyun ɓarna ne.

2. Ka iya karanta lambobin nan biyu.
Duk mai yana kauri da sanyi, yana tsinkewa da zafi, kamar yadda man ja ke daskarewa da hunturu ya narke da an ɗora shi a wuta. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara ma'aunin wannan kauri tun 1911, kuma dokar da ake bi yau sunanta J300.

Lambar farko, mai harafin W, tana nuna halin man a sanyi, wato lokacin da aka tashi inji. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, 15W a 20, 10W a 25, 5W a 30, 0W kuma a 35 ƙasa da sifili. Ƙaramar lamba na nufin man zai fi saurin gudu kafin inji ya ɗau zafi.

Lamba ta biyu tana nuna kaurin man a digiri 100, wato lokacin da inji ke tsakiyar aiki. Ana auna shi da abin da ake kira santistok, ma'aunin da ruwan sha yake da kusan 1 a kansa. Mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 tsakanin 16.3 da 21.9. Ke nan 5W-30 da 10W-30 kaurinsu kusan ɗaya ne idan inji ya yi zafi, bambancinsu da safe ne. Galan ɗin da aka rubuta SAE 40 kawai, babu W, ba a yi alkawarin komai a kan halinsa da sanyi ba.

3. Zafin gari ba shi ne zafin inji ba.
Hujjar da aka fi kafawa wajen zaɓen mai mai kauri ita ce ƙasarmu tana da zafi, 5W-30 kuma man Turai ne mai dusar ƙanƙara. Gaskiya ne a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40. Amma injin da ke aiki lafiya, ruwansa yana wajen digiri 90, mansa kuma wajen 100, a Kano yake ko a Jamus. Lagireto da fanka da tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗau zafi, su ke riƙe shi a nan. Digiri 40 na rana, a wurin baƙin mai, har yanzu sanyi ne. A wannan zafin 5W-30 yana da kaurin santistok kimanin 60, shi kuwa 20W-50 yakan haura 150. Da asubahin hunturu a Jos ko Agadas tazarar ta fi haka. Sakannin farko bayan murɗa makulli, kafin mai ya hau saman inji, suna cikin lokutan da ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Ba a ce zafin gari ba ya tasiri sam ba. Motar da aka danƙara wa kaya, ko wadda ke tsaye a cunkoso da tsakar rana, manta yakan ƙara zafi. Shi ya sa wasu kamfanoni ke ba da zaɓi, kamar yadda za a gani a shawara ta gaba. Kuma kada ka yarda a cire maka tamostat da sunan "ba na ƙasar zafi ba ne". In ya lalace a sa sabo. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan fetur, kuma fetur da laima suna taruwa a cikin mansa.

4. Littafin mota ne alƙali.
Wanda ya ƙera inji ya fi kowa sanin tazarar da ya bari a cikinsa. Ka duba littafin da ya zo da motar, ko murfin da ake zuba mai, domin sau da yawa lambar tana rubuce a kai. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka shigo da ita daga Amurka 5W-30 aka rubuta mata. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, 5W-20. Corolla ta 2014, 0W-20. Camry ta 2018 mai injin lita 2.5, 0W-16.

Wasu littattafan, musamman na motocin da aka yi wa kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa, suna ɗauke da jadawali mai nuna lambobi uku ko huɗu da yanayin zafin da kowace ta dace da shi. In naka haka yake, duk wadda ka zaɓa a cikin jadawalin daidai ce. In kuwa motar 'yar Kwatano ce da ta zo babu littafi, ka nemi littafin a intanet da sunan motar, shekararta da girman injinta. Wanda aka canja wa inji, sabon injin zai bi, ba sunan da ke bayan but ba.

5. Kada ka shayar da sabon inji man tsohon zamani.
Sabo da mai kauri yana da asali. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, motoci irin su 504 suna da faɗin tazara a inji, kuma 20W-50 ko SAE 40 ya dace da su. Iyayen gidan makanikai da yawa a kansu suka koyi sana'a, suka koyar da yaransu. Injinan yau sun bambanta. Hanyoyin mai a cikinsu sirara ne, kuma da yawansu da matsin mai suke sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul, tsarin da Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma i-VTEC. Sarƙar taimin ita ma matsin mai ne ke ɗaure ta. In aka zuba mai kauri fiye da kima, ana iya jin ƙarar kaca-kaca da safe, mota ta yi nauyi, fitilar gargaɗin inji ta kama. Mota mai tobo ta fi kowace buƙatar mai da zai iso da wuri, ya kuma jure zafi. A irin wannan mota, tsallakawa daga 0W-20 zuwa 20W-50 ba ƙarin kariya ba ne.

6. Tsohuwar mota, mataki ɗaya ya isa.
Inji da ya sha tafiya, tazararsa tana buɗewa, yana iya fara rage mai tsakanin juye da juye. A nan ana iya hawa mataki ɗaya a lamba ta biyu, daga 30 zuwa 40, musamman in littafin ya halatta. Sai a lura da shi na wata ɗaya ko biyu. Amma in salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi na jiƙewa da mai, to ringi ko robobin bawul ne suka gaji. Mai kauri zai rage hayaƙin, ba zai gyara ƙarfen ba. Haka abin yake ga ƙananan gwangwanayen nan masu yauƙi da ake ƙarawa a kan mai: suna ɓoye ƙara, kuma suna fitar da man daga lambar da ka saya. Mai sayen mota ta hannu ya yi hattara da wannan, domin akan zuba su a rufe aibin inji ranar ciniki.

7. Bayan kauri, ka duba daraja.
Lambar SAE kauri kaɗai take faɗa. Ingancin sinadaran da ke cikin man, masu wanke dauɗa da hana cin ƙarfe, wata alama ce ke nuna shi. Wadda aka fi gani ita ce ta cibiyar man fetur ta Amurka, API. Haruffan da suka fara da S na injin fetur ne: SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Duk yadda harafi na biyu ya yi gaba, man ya fi sabunta, kuma sabon yana maye gurbin tsohon a injin fetur. Masu farawa da C na dizal ne, kamar CH-4, CI-4 da CK-4, kuma manyan motocin kaya galibi 15W-40 suke sha. In ka ga SA a jikin galan, ka ajiye, domin ita kanta API ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Motocin Turai kuma suna da alamar ACEA, kamar A3/B4 ko C3, wasu har da lambar kamfani, irin 502 00 ta Volkswagen ko 229.5 ta Marsandi. In littafinka ya ambaci ɗaya, ka neme ta a bayan galan.

8. "Sintetik" ba lambar kauri ba ce.
Akwai man da aka tace daga ɗanyen mai kai tsaye, akwai sintetik da aka ƙara sarrafawa a masana'anta, akwai gaurayen biyun. Kowannensu na iya zama 10W-40. Sintetik ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, ya kuma fi tsada. Mai maras kauri irin 0W-20 kusan duk sintetik ne. Tsohuwar mota ma tana iya shansa in lambar ta dace. In an ga ɗiga bayan an canja, yawanci robar da ta riga ta gaji ce ta bayyana.

9. Araha ba ta ado.
Lamba mai kyau a jikin galan na jabu ba ta da amfani. Akwai masu cika tsofaffin galan da man da ba a san asalinsa ba, akwai kuma man kwalba da ake aunawa a bakin titi, wanda sau da yawa tsurar mai ne da ba a zuba masa sinadaran kariya ba. Ba a gane wannan da murza shi a yatsa, domin mai maras kyau ma yana iya yauƙi. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin da kamfani ya sani. Ka duba hatimin murfi, lambar rukuni da ranar da aka yi shi, da alamar hukumar SON in a Najeriya aka haɗa shi. In akwai wurin kankarewa a tura lamba, ka kankare ka tura. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa abin tuhuma ne. Ka tsaya a buɗe galan ɗin a gabanka, in an gama kuma ka huda shi ko ka tafi da abinka, kada ya koma kasuwa da wani abu a ciki.

10. Kowane inji a gida da nasa man.
Ragowar man mota ba na kowa da kowa ba ne. Yawancin babura kulocinsu a cikin man inji yake wanka, don haka suna buƙatar mai da ke ɗauke da alamar JASO MA ko MA2. Man motar zamani mai rage shan fetur yana da santsin da zai iya sa kulocin babur zamewa. Da yawa daga baburan da ke titunanmu 20W-40 ko 20W-50 aka rubuta musu, a nan mai kaurin yana wurinsa. Mai adaidaita sahu shi ma ya bi littafin kekensa.

Ƙaramin janareta da ake haɗa wa mai da fetur, man 2T yake so, wanda aka yi don ya ƙone tare da fetur. Yawancinsu kashi 1 na mai ne cikin 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Zuba masa man mota yana kawo hayaƙi da toshewar fulogi da salansa. Janareta mai rumbun mai daban, da injin ban ruwa, su kuma da awoyi ake lissafa musu: kamfanin Honda, misali, ya sa juyen farko a awa 20, sannan duk awa 100 ko wata shida.

Man giya kuma ma'auninsa daban. Ganin 80W-90 ba ya nufin ya ninka man inji kauri, lamba 90 ta giya tana kusa da 40 ko 50 ta inji ne. Sinadaransu ne suka sha bamban, don haka ba a musanya su. Giya mai canja kanta ita ma da man da aka keɓe mata.

11. Lokacin juye: ka san ko mil motarka ke ƙirgawa.
Littattafan mota suna ba da wa'adi biyu, na tuƙi mai sauƙi da na tuƙi mai wahala. Ƙura, zafi, cunkoso da gajerun tafiye-tafiye duk suna cikin na biyun, kuma su ne rayuwar motar gida a nan: kai yara makaranta, kasuwa, asibiti, gidan biki. Don haka gajeren wa'adin za ka bi. Ga man da ba sintetik ba, kilomita 5,000 ma'auni ne mai aminci. Ko mota ba ta yi tafiya ba, kada mai ya wuce wa'adin watannin da littafi ya sa, wanda sau da yawa wata shida ne a tuƙi mai wahala.

Motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne da 'yan kai. Wanda bai lura ba zai riƙa wuce lokaci da kilomita 3,000 yana zaton daidai yake. A canja filtar mai a duk juye. Filtar iska kuma a riƙa duba ta, musamman da hunturu, domin ƙurar da ta tsallake ta cikin mai take ƙarewa. Baƙin launi kaɗai ba ya nuna mai ya mutu, alama ce yana kwashe dauɗa, kuma na dizal yakan yi baƙi da wuri. Kada kuma a wanke cikin inji da kananzir ko man gas.

12. Ka riƙa auna mai da kanka.
Sau ɗaya a mako, da kuma kafin doguwar tafiya, ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka jira kamar minti biyar. Zaro geji, goge, mayar, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyun. A motoci da yawa tazarar alamomin kusan lita ɗaya ce, don haka da kaɗan-kaɗan ake ciko. Cikawa ya wuce alama yana sa mai kumfa, yana matsa wa robobi. In mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a nufi gareji. In yana ƙaruwa da kansa yana warin fetur, shi ma a bincika.

Ka ajiye lita ɗaya ta irin manka a but. In ta kama a hanya babu irinsa, ka cika da lambar da ta fi kusa, domin gaurayen mai ya fi rashin mai nesa ba kusa ba. Jar fitila mai hoton buta kuwa ba tunatarwa ba ce, cewa take matsin mai ya faɗi. In ta kama kana tafiya, ka sauka gefen titi ka kashe inji nan take. "Bari in ƙarasa gida" ya sa injina da yawa sun buga.

13. Tsohon mai guba ne, kuma rubutu ya fi tuni.
Man da aka juye yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ragowar ƙuna masu cutarwa, kuma yawan taɓa fata da shi na da haɗari. Kada a shafa shi a ciwo ko ƙaiƙayi, na mutum ko na dabba. Kada a zuba a kwata, ko masai, ko kusa da rijiya. Kada a ɗura shi a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. A tara a jarka mai murfi a ba masu karɓarsa.

Sannan a ajiye ɗan littafi a aljihun mota. Duk juye a rubuta kwanan wata, lambar tafiya, sunan mai, kaurinsa da darajarsa, da ko an canja filta. Duk wanda ya kai motar gareji, kai ne ko uwargida ko direba, abu ɗaya zai faɗa. Bakaniken ƙwarai ba ya jin haushin a ce masa, "Oga, ga abin da littafin motar ya ce, shi nake so a zuba." In yana da dalilin saɓawa, ya nuna maka shi a jikin injin: ɗiga, hayaƙi, ko faɗuwar matsi da aka auna. In dalilin bai wuce "haka muke sa wa kowa" ba, ka tsaya a kan lambar da ke littafinka.